Abin da Tafinta Ta Ƙara

Lahadi, 28 ga Yuli, da la'asar

Yau sujadar addu'a domin ƙasa aka yi, tun da bikin 'yancin kai ranar Alhamis ne. An rataya tuta a gefen bagade, dab da gicciye. Majami'armu ta unguwar Guéma, a nan Parakou, ta cika har waje.

Mama Baké ta zo, karo na farko tun da aka kawo gawar ɗanta Worou daga arewa. Mata biyu ne suka riƙo ta. Worou ɗalibina ne, ni na koyar da shi a ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare. Bahago ne, kullum gefen hannunsa shuɗi da tawada. Ko da ya shiga soja bai daina rusuna mini a hanya ba.

Fasto Chabi ya yi wa'azi da Faransanci, ni kuma na juya da Hausa saboda mutanen bencin baya, kamar yadda nake yi tun da na bar koyarwa. Mutanen bencin baya 'yan Nijar ne, yawancinsu daga wajen Dogondoutchi, masu nama da masu shayi da matansu. Fasto ya ce ƙasa kyauta ce daga Allah, kamar uwa, ba kai ka zaɓe ta ba. Ya ce Allah ne ya kafa hukuma. Ya ce Kirista na gari ɗan ƙasa na gari ne, in ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba a unguwa, ya kai labari.

Na juya. Muryata ta fita da ƙarfi yau. Da aka tashi mutane suka yi ta ba ni hannu, suna cewa, "Metires Rahama, yau kam kin yi magana." Metires, wato malama, haka kowa ke kirana. Tahirou mai nama, maƙwabcina, bai tsaya gaisuwa ba. Matarsa Maimouna ta ce yana da saniyar da za a feɗe.

Talata, 30 ga Yuli, da hantsi

Maza biyu sun zo. Delege, wato mai unguwarmu, ya rako su har ƙofa, ya koma. Ba su sa kaki ba. Na ba su kujera, na ba su ruwa. Ba su daɗe ba.

Ban yi ƙarya ba.

Talata, da yamma

Na dafa doya, na rufe ta.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan azahar

Na je kallon fareti. An ba mu tsofaffin malamai kujeru a ƙarƙashin rumfa. Yaran lakwal sun wuce da ƙananan tutoci, ana yayyafi, ba wanda ya gudu. Da aka buga taken ƙasa na miƙe na rera shi har ƙarshe, hawaye na zuba. Ina son ƙasar nan. Wannan ba abin da zan ɓoye ba ne.

Kakannina sun sauka Djougou da jakunan goro tun babu tutar nan, tun babu ƙasar da ake kira da wannan suna. Kabarin kakan kakana yana can. Na yi rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane sunayen kogunanmu. Amma har yau in na faɗi sunana a wani biro, ofishin hukuma, sai an ɗago kai an ce, "Asali daga ina?" A wurin danginmu ni ce wadda ta bi addinin masu gicciye. A majami'a ni ce Bahaushiyar nan.

Ba hujja nake kawowa ba. Rubutawa kawai nake yi.

Juma'a, 2 ga Agusta, da safe

Sun tafi da Tahirou. A bakin teburinsa, yana cikin rataya nama.

Maimouna ta shigo mini ba sallama, ɗankwali a hannu, goyo a baya. Ta ce, "Metires, ki taimake ni. Ban iya Faransanci ba, ban san inda ake zuwa ba. Ke kaɗai gare ni."

Na ɗauki jakata. Na rufe ƙofa, muka fita.

Juma'a, da yamma

Biro na farko sun ce ba ya wurinsu. Na biyu sun ce mu jira. Mun jira. Can wani ya fito, Maimouna ta ce, "Ki gaya masa mijina mahauci ne. Wuƙarsa ta nama ce. Ki gaya masa yana shan maganin hawan jini, bai tafi da shi ba." Na juya kalma da kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Mutumin ya karɓi maganin, ya ce ana bincike.

A kan zem, babur ɗin haya, muna dawowa ta ce, "Allah ya saka miki da alheri." Sau uku ta faɗa kafin mu kai Guéma.

Lahadi, 4 ga Agusta, da la'asar

Bencin baya ya ragu. Masu shayi ba su zo ba.

A wurin addu'a Fasto ya ce a tuna da "wani ɗan'uwa da ke cikin gwaji". Bai faɗi suna ba. Ni ma da na juya ban faɗa ba. Maimouna tana zaune kai a sunkuye, kowa ya bar mata fili dama da hagu.

A bakin ƙofa Mama Baké ta kama hannuna da hannayenta biyu. Da harshen Dendi ta yi mini magana, a hankali. Ta ce, "Delege ya gaya mini. Duk majami'ar nan ke kaɗai kika tuna da Worou." Ta sa goshinta a bayan hannuna.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 5 ga Agusta, da azahar

Biro. Jira. A dawo gobe.

Talata, 6 ga Agusta, da azahar

Biro. Maimouna ta kai tuwo, an karɓa. Ta ce tun da sun karɓa ai yana da rai.

Ban yi ƙarya ba. Abin da na gani na faɗa.

Laraba, 7 ga Agusta, da yamma

Na je gidan Fasto a unguwar Ganou. Na same shi yana gyaran babur ɗinsa a ƙarƙashin mangwaro. Mutumin kirki ne. Shi ya binne mijina, shi ya zauna da ni kwanakin makoki.

Na ce, "Fasto, in ƙasa ta tambaye ni game da ɗan'uwana a cikin Almasihu, wa zan amsa wa?"

Ya goge hannu. Ya ce ba saɓani a ciki. Mu 'yan ƙasa biyu ne, ta sama da ta nan, kuma wanda ya ci amanar ta nan ba zai riƙe ta sama ba. Ya ce ana kashe mana yara, ba tatsuniya ba ce, shi ya wanke fuskar Worou. In Tahirou ba shi da laifi za a sake shi.

Na ce, "Ranar Lahadin nan, da ka ce a kai labarin abin da ba a yarda da shi ba, na ƙara wani abu."

Fasto ba ya jin Hausa. Duk shekarun nan amana ce tsakaninmu.

Ya ce, "Me kika ƙara?"

Na ce, "Na ce a sa ido a kan baƙi. Na ce ko da wanda kuke cin jibin Ubangiji tare ne."

Ya ce, "Ni ban faɗi haka ba."

Na ce na sani.

Ya ce, "Kin faɗa musu wannan, a fuskarsu, da harshensu, suna zaton daga bakina ne."

Na roƙe shi ya zo biro ya ce ya san Tahirou, shi ya yi masa baftisma. Ya ce zai yi addu'a a kai. Ya ce in ya je za a fara cewa majami'ar nan ta 'yan ƙetare ce, kuma akwai rayuka da yawa a wuyansa. Ban ga laifinsa ba. Wace ce ni da zan gani.

Sauran maganar, ta ranar Talata, ban gaya masa ba. Ina jin ya riga ya ji.

Alhamis, 8 ga Agusta, da safe

Na buɗe Maganar Allah na rufe. Duk inda na buɗe sai na ci karo da baƙo. A saukar da shi, a ciyar da shi, kada a zalunce shi. Shekara da shekaru ina karanta wa yara wuraren nan. Ban taɓa lura suna da yawa haka ba.

Juma'a, 9 ga Agusta, da azahar

Teburin Tahirou babu kowa. Ƙudaje ma sun daina zuwa.

An ce wataƙila a kai shi kudu. Na juya wa Maimouna wannan. Ta zauna a ƙasa, nan cikin farfajiyar biro.

Asabar, 10 ga Agusta, Djougou, da la'asar

Na ce wa Maimouna zan je neman taimako. Gaskiya ce, amma gudu ma na yi. Ba zan iya tsayawa gaban majami'a gobe ba.

Ruwa tun daga Parakou har nan. Yaya Awalu na zaune a zaure tare da baƙinsa. Gidanmu har yanzu masauki ne. Da fataken goro ne, yanzu masu shanu. Duk wanda ya kwankwasa za a shimfiɗa masa tabarma. Da na karɓi baftisma Baba ya daina yi mini magana har ya rasu. Yaya Awalu ne ya ce ɗakina yana nan, kada wanda ya sa kaya a ciki. Matarsa Zuwaira ta share mini shi yau, ta kawo sakwara da miyar gyaɗa.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Na gaya wa Yaya. Bayan ya dawo daga sallar asuba, a tsakar gida, yana shan kunu. Tun da na faɗa da baki, bari in rubuta.

Mutanen nan biyu, kafin komai, babban cikinsu ya dubi hoton bikina a bango ya ce, "Madam, ke 'yar ƙasar nan ce?" Na ɗauko masa takarduna, na nuna masa lambar yabon da aka ba ni ranar ritaya. Ya yi murmushi ya ce, to tun da haka ne zan taimaka musu, ni da nake jin yaren mutanen nan. Wa ke saukar da mutanen daji a unguwa?

Na ce Tahirou. Na ce suna zuwa da duhu, su tafi tun kafin gari ya waye. Na ce yana saya musu batiri da man fetur da magunguna, buhu-buhu. Na ce na gani da idona.

Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, na san su. Makiyaya ne da yake sayen shanu a hannunsu. Batirin na tocila ne, fetur na baburansu, maganin na dabbobi. Sun sha kawo mini wagashi, cukun nan na Fulani. Suna zuwa da duhu ne saboda ranar kasuwa. Na san wannan lokacin da nake magana. Mutumin bai tambaya ba, ni kuma ina jin daɗin yadda yake rubuta abin da nake faɗa, yana gyaɗa kai, yana ce mini "chère compatriote", wato 'yar'uwa 'yar ƙasa.

Yaya ya ajiye ludayi. Bai ɗaga murya ba, ai ba ya ɗagawa.

Ya ce, "Rahama, a gidan nan aka haife ki. Abin da kika faɗa a kan mutumin nan, in aka faɗa a kaina, wanne ne ba gaskiya ba?"

Ya ce, "Da kika bar mu, na gaya wa Baba, a bar ta, can ɗin ma za su koya mata tsoron Allah. Haka suka koya miki?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ba su ba ne. Ni ce."

Ya tambayi sunayen makiyayan. Da na ce Rilwanu, ya ce ya san shi, ruggarsu na bayan Kolokondé. Ya tashi ya ce a fito masa da babur. Zuwaira ta ce hanyar ta lalace da ruwa, ga ciwon ƙafarsa. Bai saurare ta ba.

Lahadi, da yamma

Ƙararrawar majami'ar gari ta buga, ban je ba. Na taya Zuwaira tsinke zogale. Ba ta tambaye ni komai ba.

Litinin, 12 ga Agusta, da la'asar

Yaya ya dawo da laka har gwiwa. Rilwanu yana tsoro. Ya ce in Bafulatani ya shiga biro irin wannan da ƙafarsa, wa ya san ko zai fito. Yaya ya ce masa, "Mutumin ya ba ka wurin kwana, shi ya sa yake ciki." Ya ce zai yi tunani.

Laraba, 14 ga Agusta, da safe

Rilwanu ya zo, da sandarsa da takardun rigakafin shanunsa a cikin leda. Bai dube ni ba. Ban sani ba ko Yaya ya gaya masa.

Bafulatani Musulmi ya bar garkensa a tsakiyar damina saboda Tahirou. Ni kuwa da muke karɓar gurasa daga faranti ɗaya da shi a majami'a, ga abin da na yi.

Juma'a, 16 ga Agusta, Parakou, da yamma

Mun je biro mu huɗu, Yaya da Rilwanu da sarkin fawan unguwa da ni. Da muka isa sai ga Fasto Chabi a tsaye a bakin ƙofa, da farar kwalarsa ta fasto. Ya bi bayanmu.

Kowa ya faɗi nasa, ni na juya. Daga ƙarshe na ce ina da magana ta kaina. Mutumin nan ne dai, babban. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Madam, ke kika ce kin gani da idonki."

Na ce na gani, kuma na san ko mene ne.

Ya ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Yaya yana jin Faransanci daidai gwargwado. Fasto yana tsaye a bayana. Mutumin ya ce na ɓata musu lokaci, alhali ana kashe mutane. Wannan ma gaskiya ce.

Maimouna tana waje a kan benci. Da muka fito ta ce, "Me suka ce?" Na ce sun ce za su duba.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Yaya ya koma. A tasha ya ce, "Ɗakinki yana nan." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Lahadi, 18 ga Agusta, da azahar

Fasto ya yi addu'a domin Tahirou, ya ambaci sunansa sarai. Na juya. Mama Baké ta tashi ta fita a tsakiyar addu'ar. Ban san yadda zan je gidanta ba. Ɗanta ya mutu da gaske, kuma na ba ta abin riƙewa na ƙwace.

Ina son ƙasar nan har yanzu. Na duba zuciyata, son yana nan. Sai dai ranar Talatan nan ba ƙasa na yi wa hidima ba. So nake a ce mini ke tamu ce, kuma na biya da mutum.

Talata, 20 ga Agusta, da la'asar

An sake shi.

Laraba, 21 ga Agusta, da yamma

Na tsaya a ƙofar gidansu har ƙafata ta gaji, sannan na yi sallama. Tahirou na kwance a tabarma, ya rame, gemunsa ya fito fari. Ya yunƙura zai tashi don ya gaishe ni, na ce ya kwanta. Ya ce, "Sannu, Metires. An ce kin sha zirga-zirga." Ya juya fuska bango.

Maimouna tana ɗaure tukwane a cikin zani. Na bi ta madafa. Na ce, "Maimouna, akwai abin da ya kamata ki sani."

Ba ta daina ɗauri ba. Ta ce, "Na sani. Tun ranar da suka zo gidanki matar delege ta gaya wa mai ƙosai."

Na ce, "Tun kafin ki zo wurina?"

Ta ce, "Tun kafin."

Na ce, to don me ta zo, don me take ta sa mini albarka.

Ta ce, "Wa na sani mai Faransanci? Albarka kuwa, an ce mu sa wa wanda ya cuce mu. Ina faɗa ne ko zuciyata za ta bi bakina." Ta ja ƙullin da haƙori. "Har yanzu ba ta bi ba, Metires. Kada in yi miki ƙarya."

Na ce ta gafarta mini. Ta ce ta ji. Ta ce in miƙo mata murfin can.

Za su koma gida, Nijar. Iyaka a rufe take, sai dai su kai Malanville su ƙetare kogi da kwalekwale. 'Ya'yansu duka a nan aka haife su, babbar tana rera taken ƙasa fiye da yadda nake yi.

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Sun tafi. Na ji motsin kaya, na ji motar. Ban fita ba. Daga baya na ga bai kamata ba, na fita a guje, na tarar da sawun taya a cikin laka.

Asabar, 24 ga Agusta, da azahar

An ce masu shayi biyu ma sun tafi. Sauran suna taruwa a ɗakin wani a bayan kasuwa, suna addu'a su kaɗai.

Lahadi, 25 ga Agusta, da la'asar

Na je da wuri. An sauke tutar, an naɗe ta a kan kabad. Mama Baké ta zo, ta zauna can nesa da ni.

Da lokacin wa'azi ya yi na tashi na tsaya a wurina, hagun Fasto. Ya faɗi jimlar farko, cewa Almasihu ya mutu domin mutanen kowace kabila da kowace ƙasa. Ya dakata, yana jirana. Na ɗaga kai na dubi baya.

Bencin babu kowa. Duk majami'ar babu mai jin Hausa sai ni.

Fasto ya gani. Ya matso ya ce a hankali, "Metires, kina iya zama."

Na ce zan juya. Na faɗi jimlar da Hausa, yadda ya faɗe ta. Ya ci gaba, na ci gaba, har ƙarshen wa'azin. Mutane suna ta waiwaye su ga da wa nake magana.